Kafin a sayar da gona: magana kan ciwon raunin tsoka da ke bayyana ga babba

Ƴan uwa na Madarumfa da kewaye, daga Gabi zuwa Safo, daga Ɗan Isa zuwa Jiratawa da Sarkin Yamma, da ku da ke can ci-rani kuna bin labarin gida ta salula.

Yau za mu taɓo wani ciwo da ba shi da suna a bakin mutanenmu. In ya kama magidanci sai a ce sanyi ne ko ciwon jijiya, in ya daɗe a ce jifa ne ko iska ta taɓa shi. Likitoci da Faransanci suna ce masa miyopati, ko distirofi na tsoka. Mu kira shi ciwon raunin tsoka na gado. Ra'ayinmu shi ne: idan likita ya tabbatar wa babba cewa wannan ciwon ne, to abin da gidan ya mallaka ya tafi wajen gyara masa zama, a daina zuba shi wajen yawon neman waraka. Mun san maganar da nauyi. Ku ba mu aron kunne har ƙarshe.

Ga yadda abin ke farawa. Mutum ɗan shekara 25 ko 35, ya yi noma, ya yi su a tabki, ya yi kabu-kabu, ba wanda ya taɓa ce masa rago. Sannu a hankali sai tashi daga tabarma ya fara yi masa wuya. Sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya bi cinyoyinsa da hannu kafin ya miƙe. Hawan amalanke ko matakalar masallaci ya zama aiki. Tafiyarsa ta koma rangaji, yana yawan faɗuwa ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Wani sharaɓarsa ta yi kauri kamar ta ɗan kokowa, alhali ba ƙarfi a ciki. Wani kuma ta kafaɗa yake fara masa: hannu ba ya wuce kai, allon kafaɗa ya fito waje kamar fiffike, ba ya iya yin fito da baki, in yana barci ido a ɗan buɗe. In mace ce, ɗora tulu a ka, jan guga, ɗaga taɓarya, har ɗaurin kallabi sai su fara gagararta. Ba zazzaɓi, sau da yawa ba wani zafi mai tsanani, kuma abin shekaru yake ɗauka.

Mene ne shi? Tsokar jikin mutum kullum tana aiki, tana ɗan yagewa, tana gyara kanta. A cikin ƙwayoyin gado da muke samu daga uwa da uba akwai umarnin yadda jiki zai haɗa sinadaran da ke riƙe tsoka. In an samu kuskure a umarnin nan, tsoka na lalacewa fiye da yadda take gyaruwa, kitse ya maye gurbinta. Kamar katangar laka ce da ba a sa mata isasshen ramno ba: tana tsaye, amma kowace damina sai ta ci wani abu. Da shi ake haihuwar mutum, sai dai a wasu ya yi kwanton ɓauna har sai sun girma, sun yi aure, sun haihu.

Irinsa ya haura 30. Wanda aka fi sani shi ne Dushen, sunan wani likitan Faransa da ya bayyana shi a shekarun 1860. Shi yara maza yake kamawa tun suna shekara 3 zuwa 5, kuma ana ƙiyasin namiji 1 cikin 3,500 zuwa 5,000 da ake haifa. Ƙanensa shi ne Bekar, mai tafiya a hankali, wanda kan bayyana a samartaka ko bayan shekara 20. Akwai na ƙugu da kafaɗa, mai kama maza da mata. Akwai na fuska da kafaɗa. A Tunusiya wani likita, Mongi Ben Hamida, ya bayyana wani iri da ke yawa a gidajen da ake auren zumunci. Ke nan ba ciwon Turawa kaɗai ba ne.

Abu na farko da muke roƙo shi ne a nemi sanin sunan ciwon a asibiti, kuma da wuri. Dalili kuwa, akwai cututtukan da ke kama da shi waɗanda suna da magani. Akwai kumburin tsoka, akwai matsalar maƙoƙo, akwai wani raunin da ke sa fatar ido ta riƙa faɗuwa da yamma, duk likita na iya yi musu wani abu. Akwai ma raunin cinya da ƙugu da ke zuwa daga daɗewa ana shan ƙwayar deksa, wadda ake saya hannun masu tallar magani don ƙiba ko ciwon jiki. Shan inna kuma daban ne: tun ana yaro yake zuwa farat ɗaya da zazzaɓi. Shanyewar ɓarin jiki shi ma rana ɗaya yake faɗowa, gefe ɗaya. Wanda ya zauna gida shekara 5 yana shan jiƙo, mai yiwuwa ciwonsa na warkewa ne ya bari lokaci ya wuce.

Hanyar kowa ya san ta: CSI mafi kusa, sai asibitin gunduma na Madarumfa, sai Maraɗi, in ta kama a tura mutum Yamai wurin likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya. Wasu ta Ɗan Isa da Jibiya suke bi zuwa Katsina ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai awon jini da ake kira CPK, wanda ke hawa sama sosai idan tsoka na lalacewa. Akwai awon tsoka da na'urar lantarki. Awon ƙwayar gado, wanda ke faɗin ainihin irin ciwon, sau da yawa sai an aika jini ƙasar waje. Amma ko ba shi, gogaggen likita na gane abu mai yawa daga duba jiki da tarihin dangi. Saboda haka in za a tafi a tuna: wa ya taɓa irin wannan a dangi? Kawu ne, wa ne, ɗan inna ne? Kar a ɓoye. Kuma duk takardar da aka bayar a adana ta a leda guda, don kar a biya kuɗin awo ɗaya sau biyu.

To, an je, an dawo, lokotoro ya ce miyopati ne, kuma ba ya warkewa. Nan ne gidaje da yawa ke ɓata hanya. Ba wanda ke son jin wannan magana, sai a ce "bai gano ba", a shiga yawo. A je wurin mai magani da lasifika ranar kasuwa. A kira wanzami ya yi ƙaho, ya yi tsaga. A je wurin boka ya ce wata ce a gidan ta yi aikin. A je wani ɗaki a bayan gari a sha ƙarin ruwa da allurai. Yanzu ma har a WhatsApp ake turo bidiyon mai maganin "ko wace irin shanyewa". Kaji su fara tafiya, sai awaki, sai amalanke da sansa, daga ƙarshe a ba da gona jingina. Bayan shekara 3 mutumin ya ƙara rauni, kamar yadda da ma ciwon zai yi, ga shi kuma ba gona, ba jari, ga gaba tsakaninsa da wadda aka ɗora wa zargi.

Mu auna da hankali. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata allurar gyaran ƙwayar gado don yara masu Dushen. A lokacin kuɗinta dalar Amurka miliyan 3 da dubu 200, kusan miliyar 2 na Sefa, kuma ko ita masu ita ba su ce tana warkarwa ba. Wanda ya zo maka da jarka a kan jaka 15 ya ce sati biyu za ka yi gudu, ka san me yake nema a aljihunka.

Wani zai ce: kuna kashe wa mutane fata, ai Allah da ya saukar da cuta ya saukar da magani. Haka ne, mun yi imani. Neman maganin nan ne ma masu bincike ke yi: a 1986 suka gano ƙwayar gadon da ke jawo Dushen da Bekar, a 1987 suka gano sinadarin da tsoka ke rasawa, kuma har yau suna kan aiki. Addu'a kuma ba mu ce a daina ba, a yi ta dare da rana, ba ta cin ko dala. Abin da muke ƙi shi ne a yi amfani da imanin mai rauni a karɓe abincin ƴaƴansa. Malami na gari zai yi maka addu'a, sannan ya ce ka koma wurin likita.

Kuma rashin waraka bai hana a yi abin yi ba. Irin na manya, da yawansu tafiyar hawainiya suke yi. Akwai mai Bekar da ke takawa da ƙafarsa har ya haura 50. Jiki na buƙatar motsi daidai wa daida: kwanciya yini guda na sa gaɓoɓi su ƙage, aikin ƙarfi kamar huɗa da ɗaukar buhu kuma na ƙara yaga tsokar. Mai kine, wato ma'aikacin motsa gaɓoɓi, zai koya wa mutum da iyalinsa miƙe-miƙen da za a riƙa yi a gida kullum. A kula da ƙiba, don ƙafa mai rauni ba ta son ƙarin kaya. Zuciya ita ma tsoka ce, musamman ga masu Bekar, saboda haka a riƙa auna ta lokaci-lokaci ko da ba a jin komai. Ciwon kai da safe, yawan gyangyaɗi da rana, ko kasa kwanciya rigingine na iya nuna numfashi ya fara rauni, a gaya wa likita. Tari da mura kar a yi musu wasa. Duk ranar da za a yi tiyata, ko da ta haihuwa ce, a faɗa wa masu allurar barci tun kafin a shiga, domin akwai magungunan barcin da ke da haɗari ga mai wannan ciwo.

Yanzu ga inda kuɗin tunkiyar nan ya kamata ya je. Masai na tsuguno shi ne babban abin tsoron mai raunin cinya, har wasu ke rage cin abinci don kar su shiga. Kafinta ko mai walda na iya yin kujera mai rami da ƙarfen dafawa a yini ɗaya. A ɗaga gado da kujerar zama su yi tsawo, tashi zai yi sauƙi. A sassauta dokin ƙofa, a yi gangara da siminti kaɗan. A daɓe hanyar da ke tsakanin ɗaki da bayi, don yashi na kayar da mai sanda kuma yana riƙe keke. A sa benci wurin alwala. Sanda ko keke mai taya uku ba sa ƙara ciwo. Da yawa suna ƙin karɓa don kar a ce musu gurgu, har sai sun faɗi sun karya ƙugu, daga nan kuma tashi ya yi wuya. Keken da zai kai ka kasuwa da masallaci ya fi zaman ɗaki da ake cewa na rufin asiri.

Sai sana'a. Ciwon nan ya fi cin cinya da kafaɗa, kai da baki da lissafi suna nan. Tun mutum na da sauran ƙarfi ya kamata a fara sauya masa hanyar abinci, kar a jira sai ya zauna. Tebur a ƙofar gida, cajin salula, sayar da kati, ɗinki da keken hannu ko na lantarki, karantar da yara allo, riƙe littafin ƙungiyar manoma, turkar rago da yara za su riƙa yi wa ciyawa. Mai fili a fadamar Jiratawa ko bakin tabki na iya ba ɗan uwa ya noma a raba, gonar na nan da sunansa. Mata kuma ga asusun Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a nan jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu Afirka. Jarin ƙuli-ƙuli ko kayan miya daga asusu ya fi bashin boka. Abin da ba mu so shi ne a ɗora mutum a keke a kai shi bakin titin Maraɗi bara, alhali jiya shi ke ciyar da gida.

Mu tsaya kaɗan kan mata, don su suka fi shan wuya. Namiji in ya kasa aiki ana cewa ba shi da lafiya. Mace in ta kasa daka sai a ce ƙyuya ce, uwar miji ta fara "mi ya same ta, ga ta nan lahiya lau tana cin tuwo". Kafin a gane ciwo ne an yi mata kishiya da gori, ko an ba ta takarda. Mai gida, in matarka da ka sani da himma ta fara kasa ɗaga hannu, ka kai ta asibiti kafin ka kai ƙararta. Inji ya yi niƙa, yara su ɗebo ruwa, a sauko da kwanuka daga saman kanta zuwa inda hannunta zai kai.

Maganar gado ita ma a yi ta da ilimi. Ciwon ba ya yaɗuwa ta kwano, ta tabarma ko ta aure. Yadda yake bin jini ya danganta da irinsa. A Dushen da Bekar, uwa ce ke ɗauke da shi, sau da yawa ba alamar komai a jikinta, kuma kowane ɗa namiji da za ta haifa yana iya samu ko ya tsira, rabi da rabi. Uba mai Bekar ba ya ba ƴaƴansa maza, amma ƴaƴansa mata za su ɗauka a ɓoye. A mafi yawan na ƙugu da kafaɗa sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi, kowane ciki 1 cikin 4, kamar dai yadda muka sani a ciwon emasi, wato sikila. Shi ya sa gidan da aka ga ciwon ya kamata su yi shawara da likita kafin su sake haɗa auren zumunci. Wani lokaci kuma kuskuren a kan yaron yake farawa, ba kowa a dangi da ke da shi. Ba uwar da ta zaɓi abin da ke cikin jininta, kar a ce ita ta kawo wa gida. Mai ciwon na iya aure, na iya haihuwa. Abin da ya wajaba shi ne a faɗi gaskiya kafin a ɗaura.

Akwai kuma abin da awo ba ya nunawa. Mutumin da aka gaya wa cewa ƙarfinsa zai riƙa raguwa, makoki yake yi, ko bai faɗa ba. Mu kuwa da ya buɗe baki sai mu rufe shi da "sai haƙuri". Haƙuri gaskiya ne, amma a bar shi ya faɗi tsoronsa tukuna: wa zai ciyar da yara, wa zai ɗaga shi in ya faɗi, matarsa za ta zauna? In ya daina ci, ya daina barci, ya fara cewa gara ya mutu, wannan ma ciwo ne na kai wa asibiti. Ƴan fada, in abokinku ya daina zuwa, ku ɗauki butar shayi da benci ku koma ƙofar gidansa. Liman da kwamitin masallaci, kujera ɗaya a cikin sahu da ƴar gangara a ƙofa sun isa su dawo da mutum jam'i, tunda malamai sun karantar da mu cewa wanda ya kasa tsayuwa ya yi sallarsa a zaune. A ci gaba da kiransa shawarar aure da rabon gado. Kuma ku na ƙauyukan bakin iyaka, inda ɓarayin daji kan sa a gudu cikin dare, ku tsara tun da rana wa zai ɗauki wanda ba ya iya gudu.

Hukuma ma da nata. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. A 1993 an yi dokar da ta ce ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu, kuma a 2019 an sake yin wata doka kan shigar da su cikin al'umma. Muna da ranar 31 ga Yuli ta ƙasa da ranar 3 ga Disamba ta duniya. Muna so a ga waɗannan takardu a ƙasa: gangara a ƙofar kowace CSI, kowace lakwal da ofishin magajin gari, mai kine da zai riƙa zagaya kwamin-kwamin, horo ga ma'aikatan lafiya don su gane alamar tashi da dafa gwiwa, da mai gyaran keken naƙasassu a cikin gundumar, don kar taya ɗaya ta zaunar da mutum wata 6.

Za a ce: zazzaɓin cizon sauro da tamowa na cika asibitin Madarumfa da yara kowace damina, ku kuna maganar ciwon da ba kasafai ake gani ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a rage wa yaran nan komai ba. Amma gangarar da za a yi wa mai miyopati ita ce mai shan inna zai bi, da tsohon da hawan jini ya kayar, da saurayin da babur ya karya, da mace mai tsohon ciki. Wa ya san ranar da shi ma zai buƙace ta?

A Faransa, iyayen yara masu wannan ciwo ne suka kafa ƙungiyarsu ta AFM a 1958, lokacin da ba wanda ya damu da su. Tun 1987 kowace shekara suna shirin Teleton a talabijin, jama'a na ba da gudunmawar bincike. Mu ba mu da kuɗinsu, amma abin da suka fara da shi muna da shi: gidaje su san juna. Gidan da ke Safo da ya gano yadda ake yin kujerar masai ya nuna wa gidan da ke Gabi. A je ofishin jin daɗin jama'a na gunduma, a shiga ƙungiyar naƙasassu, a rubuta suna. Mai zakka da mai sadaka, keke guda na iya maida magidanci kasuwa.

Ɗan uwa, ƴar uwa, in alamun da muka lissafa sun yi kama da naka ko na wani a gidanku, wannan satin a fara da CSI. In kuma an riga an gaya maka sunan ciwon, ka tara iyali ku yi lissafi: abin da ke hannu, me zai saya da za a amfana da shi shekara 10 masu zuwa? Kar a kai takardar gona ko'ina sai an yi wannan zama.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinya, ya sa ciwon ya zama kaffara. Mu kwana nan.